Sifanar Da Ta Dace Da Sansar Salansa In Ta Cije

Kaka ta yi, amfanin gona yana ta tafiya kasuwa, masu ƙananan motocin ɗaukar kaya kuwa ba su da hutu. A irin wannan lokaci ne a kan ji mai mota yana kukan motarsa ta koma shan mai kamar raƙumi, ga baƙin hayaƙi, ga fitila ta kama a gaban direba. Sau da yawa laifin wani ɗan ƙarfe ne da ke ɗaure a jikin salansa, wanda kanikawa ke kira sansa.

Girmansa bai wuce na filogi ba, da waya a bayansa. Aikinsa shi ne ya shaƙi hayaƙin da ke fita, ya gaya wa kwamfutar mota ko fetur ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don inji ya fi son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara fito da shi a 1976. Motocin da a ka yi don Amurka daga 1996 kuwa, waɗanda su ka cika hanyoyin ƙasar nan, suna da aƙalla biyu, ɗaya kusa da inji, ɗaya can baya.

Sayen sabo ba shi ne wahala ba, fid da tsohon ne. Shekara da shekaru yana cikin zafi, ga taɓon damina, ga tsatsa, har ya zama kamar tare a ka ƙera shi da salansa. To, a nan ne a ke ɓarna. Kansa fuska 6 gare shi, faɗinsa kuwa milimita 22 ne a yawancin motoci. Sai yaron gareji ya ɗauko sifana mai buɗaɗɗen baki, wadda fuska 2 kaɗai ta ke kamawa, ya danna da ƙarfi. Bakinta ya buɗe, ta zame, ta cinye kusurwoyin, kai ya mulmule. Aikin rabin awa ya koma na yini guda, tumatir kuwa yana bayan mota yana narkewa.

Akwai soket da a ka yi musamman don wannan aiki, mai tsaga a gefe inda waya za ta bi ta fita. Yana da kyau ga sansar da ba ta cije ba, ko wadda a ke so a duba a mayar, da kuma ɗaura sabuwa. Amma fa tsagar nan ita ce rauninsa. In an matsa masa sai ya wage, ya yi ɓarnar da sifana ta yi. Waɗansu kan ɗaure shi da ƙarfen matse tiyo don kada ya buɗe, wannan dabara tana taimako kaɗan.

In dai an tabbata sansa ta mutu, ba abin da za a yi tattali a jikinta. A yanke wayar, a kawo dogon soket rufaffe mai lamba 22, wanda ya ke da lungu 6 a ciki, a zura shi ya zauna har gindi. Mai lungu 12 ya fi saurin shiga, amma a bakin kusurwa ya ke kamawa, watau daidai inda tsatsa ta riga ta ci. Mai inci 7/8 shi ma ya kan shiga, sai dai ya ɗara 22 da ɗan kaɗan, sabo da haka a kan tsohon kai 22 ɗin ya fi.

Tun da dare a fesa man kashe tsatsa a gindin, a bar shi ya jiƙa. Da safe a ta da mota minti biyu ko uku salansa ta yi ɗumi, ba ja ba, sa'an nan a kashe. A sa dogon hannu a ja wajen hagu a hankali, ban da fizga. In ta motsa ta sake cijewa, a ɗan mayar da ita dama, a ƙara mai, a sake ja. Sabuwa kuwa da yatsa a ke fara ɗaura ta, don kada zaren ya hau karkace, kuma kada maiƙo ya taɓa hancinta.

Masu injin ban ruwa a fadama su lura, nasu ba shi da sansa, amma filoginsa ya kan cije haka nan. Na injin Honda GX160 soket 21 ya ke ci. Shi kam ba a ɗumama shi, sai inji ya huce sarai, don kan injin alminiyam ne, da zafi zaren na iya biyo filogi ya fito.