Lissafin zafi da yawan sharon a gonar tumatir

Kwana 76, kwana 40, kwana 24. Waɗannan alƙaluma uku sun fito ne daga wani bincike da aka yi a ƙasar Chile a 1998 kan Tuta absoluta, ƙwaron da manoman Kano ke kira sharon. Idan zafi na digiri 14, yakan ɗauki kimanin kwana 76 daga ƙwai zuwa balaga. A kusan digiri 20, kwana 40. A digiri 27, kwana 24 sun ishe shi.

Daga nan masana suka gina lissafi mai sauƙi. Ƙasa da digiri 8 ƙwaron ba ya girma, don haka kowace rana ana cire 8 daga matsakaicin zafinta, a tara abin da ya rage. Da zarar jimillar ta kai kusan 460, sabon zubi ya fito.

A gwada da Kano. A tsakiyar hunturu matsakaicin zafi na wajen digiri 22, ragowa 14 ke nan, zubi ɗaya kwana 33. A Afrilu yakan kai 31, ragowa 23, kwana 20. Wanda ya yi dashe a Nuwamba zai gamu da zubi uku zuwa huɗu cikin wata huɗu. Wanda ya makara har tumatirinsa ya shiga bazara, biyar ko shida ke jiransa.

Ƙarin zubi biyu ba ƙaramin abu ba ne. Mace ɗaya kan iya saka ƙwai har 260. A ɗauka, don misali kawai, mata goma ne ke tsira daga kowace uwa: zubi na uku dubu ɗaya, na biyar dubu ɗari. Shi ya sa gonar da ke kore shar a Fabrairu take ƙonewa a Afrilu, manomi ya ce dare ɗaya abin ya zo. A watan Mayun 2016 ne, ƙarshen bazara, Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ƙwaron, masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa kuma ta dakata don rashin kaya.

Lissafin yana da gurgunta. Yana ɗauka ƙarin zafi kullum ƙarin sauri ne, alhali tsananin zafin tsakar rana na kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Bai san da ruwan damina mai rage su ba, balle gauta da dankalin Turawa da ke riƙe su idan tumatir ya ƙare.

Duk da haka, a ganina amfaninsa na ga lokacin feshi. Tsutsar na shigewa cikin ganye, inda magani ba ya isa gare ta sosai. Malamin gona mai ma'aunin zafi da tarkon da ke janyo mazan ƙwaron zai iya gaya wa manoman Kadawa makon da ƙwai zai ƙyanƙyashe, su yi feshi a makon.