Sanduna ko Da'ira: Wane Zane Ya Fi Nuna Ruwan Samaru?

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ana auna ruwan sama ana rubutawa. Amma jerin lambobi ba ya saurin nuna watan da damina ta kankama, sai an zana shi.

To, wane zane? A 1984, masana biyu a Amurka, Cleveland da McGill, sun gwada mutane da zane iri-iri. Suka gano ido ya fi iya kwatanta sandunan da ke tsaye kan layi ɗaya, a kan yankan da'ira. Ku gwada a aji: a da'irar da aka yayyanka kamar kankana, da wuya ku bambance Yuli da Agusta, a sanduna kuwa, yawanci Agusta ke yin zarra. Sai dai sandunan su tashi daga sifili, in ba haka ba ɗan bambanci zai zama katafare.