ROMON TALIYA MAI YAJI: ABINCIN HUNTURU

Jama'ar ƙasar Dutse, da Kiyawa, da Jahun, da Birnin Kudu, kun san halin hunturu. Tun daga watan Nuwamba iska takan taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamada, ta zo mana da ƙura da ɗari. A Disamba da Janairu abin ya fi tsanani. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, alhali kuwa da bazara yakan haura 40. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tari da mura su cika gida. Waɗanda suka fi shan wuya su ne yara ƙanana da tsofaffi.

Wannan takarda za ta nuna muku wani abinci mai araha wanda ke taimakon iyali a wannan lokaci, watau taliya cikin romo mai yaji. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida.

ME KE ƊUMAMA JIKI?

Jikin mutum kamar murhu yake, abinci kuwa shi ne itacensa. In ɗari ya sauko, jiki yakan ƙara cin itacen nan don ya riƙe ɗuminsa. Shi ya sa wanda ya kwana da yunwa ya fi kowa karkarwa.

Mutane da yawa suna tsammani yaji ne ke korar sanyi. Ba haka ba ne. Barkono yana da wani abu a cikinsa wanda ke ruɗin harshe, mutum ya ji kamar wuta ta taɓa shi, gumi ya karyo masa. To, gumi kuwa aikinsa sanyaya jiki ne. In ka yi sharkaf da gumi, ka fita cikin iska, sai sanyin ya fi na da. Amfanin yaji shi ne ya buɗe hanci na ɗan lokaci, ya sa marar marmari ya ci abinci. Amma ɗumi na gaskiya daga ruwan zafin romon yake, da taliya, da mai, da wake. Saboda haka a yawaita waɗannan, a sassauta yaji.

KAYAN HAƊI NA MUTUM 6

Duk ana samunsu a kasuwannin ƙauye, balle a kasuwar Shuwarin. Rani ne lokacin kayan lambu, tumatir da albasa sukan yi araha.

Taliya rabin kilo, ko ta murji wadda mata ke yi da garin alkama, ko ta kanti.
Wake, gwangwanin madara 1.
Kifi banda 2, irin na Haɗeja, ko ƙashin miya.
Tumatir 5, tattasai 3, albasa 2.
Attaruhu 2, citta ɗan yanki, tafarnuwa ƙwaya 3.
Daddawa 2.
Man gyaɗa ko manja, babban cokali 4.
Alayyafo dami 1, ko zogale tafi 2.
Gishiri mai aidin, ƙaramin cokali 1.
Ruwa mai tsabta lita 3.

YADDA ZA A DAFA

1. Uwargida, fara wanke hannu da sabulu. Kada sanyin ruwa ya hana ki. Ki ɗan ɗumama shi. Wanke kayan lambu sarai, gama ƙurar hanya ta zauna a kansu.

2. Gyara wake, ki dafa shi tukuna har ya yi laushi. In da ƙashi za ki yi, ki sa su tare.

3. Jajjaga tumatir da tattasai da albasa 1 da tafarnuwa da citta. Attaruhu kuwa ki jajjaga shi dabam, ki ajiye gefe.

4. Yanka ɗayar albasar, ki soya cikin mai, ki zuba jajjage, ki bar shi har tsamin tumatir ya fita.

5. Zuba ruwa, da dafaffen wake tare da ruwansa, da daddawa dakakkiya, da gishiri. Jiƙa kifi a ruwan zafi, ki cire ƙaya duka, ki zuba. Rufe tukunya ta tafasa.

6. Kakkarya taliya gajajjeru ki zuba. Ta murji takan nuna cikin kamar minti 5, ta kanti kamar minti 10. In zogale za ki sa, ya shiga tun kafin taliya, don yana son wuta. Alayyafo kuwa sai saura minti 3 a sauke.

7. Yanzu ɗebi rabon yara a kwano. Sa'an nan ki zuba attaruhu a na manya, ya ƙara tafasa ɗaya. Ruwa ya zama tsamo-tsamo, don romon shi ne abin nema.

Taliya da mai suna ba da ƙarfi da ɗumi. Wake da kifi suna gina jiki. Ganye da wake suna ƙara jini, tumatir da tattasai kuma suna taimakon ciki ya tsotsi amfaninsu. In babu kifi, ƙwai ko garin ƙuliƙuli ya wadatar.

ABUBUWAN LURA

Taliyar leda mai saurin dahuwa, Indomie da ire-irenta, ita kaɗai ba ta isa abinci ba. In ita za a dafa, a ƙara ganye da ƙwai ko wake, a sa rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, gama gishirinsa yana da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau ƙaramin cokali 1. Dunƙulen miya ma gishiri ne. Mai hawan jini ya kula ƙwarai. Mai gyambon ciki ya ci daga rabon yara.

Jaririn da bai cika wata 6 ba, nono kaɗai ne abincinsa, ko ruwa ba ya bukata. Wanda ya wuce haka a dama masa taliya da wake su yi laushi, a bari su huce, a ba shi da cokali. Kada a yi masa ɗura.

A ci abinci da zafinsa. Abin da ya rage a rufe shi, kada ya wuce awa 2 a ajiye. In za a ɗumama, sai ya tafasa sosai.

A hana yara zama gindin murhu. In romo ya ƙona yaro, a kwarara masa ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, a kai shi asibiti. Kada a shafa mai, ko ƙwai, ko toka.

Maigida, kada ka yarda a kai kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi a tsakar gida, a kwanta da bargo, a sa wa yara hula da safa.

ROMO BA MAGANI BA NE

Mura takan wuce da kanta cikin mako guda ko kwana 10, romo kuwa yana sauƙaƙa ta. Amma ciwon huhu, wanda ake kira namoniya, ba ya jin citta, ba ya jin barkono. Yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a Nijeriya. In yaro yana tari, ku buɗe ƙirjinsa sa'ad da yake kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa na minti 1. Ya yi sauri ke nan in ya kai:

60 ga jaririn da bai kai wata 2 ba;
50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1;
40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

In kun ga haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko yana jijjiga, to, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi asibiti mafi kusa nan da nan. Haka kuma tsohon da ke haki da zazzaɓi.

Akwai allurar rigakafin ciwon huhu. Ana yi wa jarirai a mako 6, da 10, da 14, kyauta, a asibitocin gwamnati. Rigakafi ya fi magani. Uwargida, duba katin yaronki yau, in da allurar da ta wuce shi, ki kai shi ranar awo mai zuwa.