Duwatsun talabijin: tsada ran saye, araha ran saidawa

Duk wanda Allah ya kai shi Faransa, Ingila, Jamus ko Amurka, ya kuma zauna gaban talabijin da hantsi ko da tsakar dare, da wuya ya rasa cin karo da wani irin shiri wanda babu labaru cikinsa, babu wasa, sai talla tsantsa. Ga mai talla cikin shiga ta kirki, ga zobe bisa ɗan faifai yana juyawa sannu-sannu ƙarƙashin fitilu, ga lambar tarho a ƙasan allo, kuɗin zoben kuwa sai sauka yake yi kamar ana warware rawani. Masu kwanon parabol a nan gida sun sha ganin irin wannan shiri a tashoshin Faransa. Kayan kuma suna iso mu ta hannun ƴan uwa mazauna Turai, tsaraba ko saƙo, har a kan ji mace ta ce a sayo mata irin wanda ta gani. Saboda haka ya kyautu mu san abin da ke cikin wannan kasuwa, tun ba mu zuba gumin shekara a ciki ba.

Asalin sana'ar daga Amurka ne, kuma bashi ne ya haife ta. A shekarar 1977, a garin Kiliyawota na jihar Fulorida, wani ɗan kasuwa ya kasa biyan wata ƙaramar tashar rediyo kuɗin talla, sai ya biya ta da na'urorin buɗe gwangwani guda 112. Mai tashar, Lowell Paxson, ya sa ma'aikacinsa ya tallata su kai tsaye, suka ƙare ƙaƙaf. Daga nan ya gane ashe tasha tana iya zama rumfa da kanta. A 1982 shi da Roy Speer suka buɗe shirin talabijin na saye daga gida, wanda ya game ƙasar a 1985 da sunan Home Shopping Network. Shekara guda bayan haka Joseph Segel ya kafa QVC a jihar Fensilbaniya. A Faransa kuwa, Pierre Bellemare, wanda ya yi suna wajen iya ba da labari, shi ne ya kawo Téléshopping a tashar TF1 a 1987. Zaɓen mai iya ba da labari ba banza aka yi shi ba.

Tun farkon fari kayan ado ne suka riƙe waɗannan tashoshi, har aka zo aka kafa waɗanda ba su saida komi sai duwatsu, irin su Jewelry Television a Amurka, Gems TV a Ingila, da Juwelo a Jamus. Dalili a fili yake. Zobe ba shi da nauyi, aika shi ta gidan waya ba wuya, ba ya ruɓewa a sito. Kamara tana iya cika allo da dutsen da bai kai ƙwayar wake ba, fitila ta sa shi walƙiyar da ba zai taɓa yi ba a cikin ɗaki. Babban dalili kuma shi ne wannan: kowace uwargida ta san kuɗin tukunya, ta san kuɗin zane, amma cikin mutum dubu da wuya a samu ɗaya wanda ya san kuɗin dutse mai launin bula. Inda mai saye bai san farashi ba, abin da mai saidawa ya faɗa shi ne farashi.

A kasuwanninmu ciniki na mutum biyu ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a sassauta, dillali ya shiga tsakani har a sallama. A talabijin mai kaya shi kaɗai yake ciniki da kansa. Shi zai fara ambaton wani kuɗi mai yawa, ya ce haka ake saidawa a manyan kantuna. Shi zai rage, ya kama baki wai yana mamakin araha, ya sake ragewa, agogo na bugawa a gefen allo, ana ƙirga saura goma, saura bakwai, saura uku. Mai kallo yana ganin an sauko daga 900 zuwa 99, zuciyarsa ta ce masa ya ci ribar 800, alhali kuwa ba wanda ya taɓa biyan 900 ɗin nan. Ana kuma sauƙaƙa masa da biya kashi-kashi, wata-wata, don kada ya ji zafin fitar kuɗin gaba ɗaya. Hukumomin can ba su jahilci wannan dabara ba. A 2004 hukumar Ofcom mai sa ido kan tashoshin Ingila ta ci tashar Auctionworld tarar fam 450,000, cikin laifuffukanta har da kumbura kuɗin da take cewa shi ne darajar kayan adonta, tashar kuma ba ta sake tashi ba. A Faransa, tun watan Mayu na 2022, doka ta tilasta wa mai shelar rangwame ya auna shi da mafi ƙanƙantar kuɗin da ya saida kayan cikin kwana 30 da suka wuce.

To, mu zo kan duwatsun kansu, don a nan ne maganar take da daɗi. Sarkinsu a talabijin shi ne tanzanit, dutse mai launin bula da ɗan ja-ja a ciki. An gano shi a 1967 a tuddan Merelani kusa da Arusha, ƙasar Tanzaniya, kamfanin Tiffany na birnin Niyok ya raɗa masa suna a 1968. Gaskiya ne ba a haƙo shi ko'ina a duniya sai a wannan ɗan yanki, wanda gwamnatin Tanzaniya ta kewaye da katanga mai tsawon kilomita 24 a 2018. Gaskiya ne kuma a 2020 wani mahaƙi Bamasaye, Saniniu Laizer, ya tono guda biyu masu nauyin sama da kilo 14 a haɗe, gwamnati ta saye su kan kuɗin da ya haura dala miliyan 3, dalar Amurka fa, ba tamu ta faranka biyar ba. Irin waɗannan labaru ne mai talla yake jerowa, ya ɗora da cewa ramin ya kusa ƙarewa, wanda ya saya yau jikokinsa za su gode masa. An fi shekara 20 ana faɗin haka, ana kuma ci gaba da haƙa. Abin da ba ya son daɗewa a kai shi ne, akasarin tanzanit da launin ƙasa-ƙasa yake fitowa daga rami, sai an gasa shi a wuta kafin ya zama bula. Kuma ƙananan da ake jerawa bisa zoben talabijin, masu kodadden launi, ba su ne manyan da attajirai ke nema ba. Ga shi kuma ba shi da tauri sosai. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10 yana tsakanin 6 da 7, rairayi kuwa yana kan 7. Ke nan ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta dushe masa fuska in ana sa shi kullum.

Tofaz mai launin sararin sama, wanda ya cika tashoshin, fari ne fat aka haƙo shi; hasken nukiliya da wuta ne suka ba shi launi, kuma saboda yawansa karat guda ba ya wuce ƴan daloli wurin ƴan sari. Karat na dutse, a lura, awo ne na nauyi, kashi ɗaya cikin biyar na giram. Jan yaƙutu mai araha shi ma da labarinsa. Tun wajen 2004 masu sarrafa duwatsu a ƙasar Tailan suka ƙware wajen ɗaukar yaƙutu mai tsattsage wanda a da ake zubarwa, su ɗura masa narkakken gilashi mai darma har ya yi sumul. A ido ba laifi. Amma ruwan lemon tsami yana cin gilashin, wutar maƙeri kuwa tana narkar da shi, har dutsen ya koma kamar busasshen tabki. Ita kuwa zirkoniya, wadda masanan Tarayyar Sobiyet suka gano yadda ake dafa ta cikin shekarun 1970, ba daga ƙasa take fitowa ba sam. Kamanni kawai take yi da diyaman, QVC kuma ta daɗe tana saida ta da sunan Diamonique ba tare da ɓoye asalinta ba.

Wanda ya fi tada ƙura shi ne jan andezin. Cikin shekarun 2000 aka cika tashoshin Amurka da wannan dutse, ana cewa sabon abu ne mai wuyar samu, daga Kwango ko daga Tibet, launinsa kuma halitta ne. Mutane suka saya don ajiya. Da masana suka tsananta bincike, sai ta bayyana cewa mai yawa daga cikinsa dutse ne fari-fari maras tsada, aka gasa shi tare da jan ƙarfe har launin ya shige shi. A 2008 aka kai ƙarar Jewelry Television gaban kotu kan wannan batu, aka sasanta, kamfanin ya yarda ya maida wa masu saye kuɗinsu. Waɗanda suka saya wurin ƙananan ƴan kasuwa, sai haƙuri.

Gyaran dutse da wuta ba haramun ba ne a sana'ar, tsohon abu ne. Ko talhatinar da kakanninmu mata suka rataya a wuya, da yawanta a garin Idar-Obashtain na Jamus aka sassaƙa ta tun ƙarni na 19, da dutsen da aka kwaso daga Barazil aka rina, daga baya ma aka riƙa kawo ta gilashi daga Bohemiya. Sun sa abinsu sun yi kyau, ba wanda ya ce musu gado ne za su bar wa jikoki. Inda laifi yake shi ne a ɓoye gyaran, ko a faɗe shi da ƙananan haruffa a bar baki yana rantsuwa da darajar dutse. Don haka ne wata dokar Faransa ta Janairu 2002 ta wajabta a rubuta cewa an yi wa dutse magani idan an haska shi da nukiliya, an rina shi, ko an cika shi da gilashi. Takardar shaida da ake haɗowa da zobe kuwa, a duba wa ya sa mata hannu. In mai kaya ne ya rubuta wa kansa, to shaidar ɗan gida ce. Haruffan nan uku, AAA, da ake ta nanatawa, ba wata hukuma ce ta tsara su ba; kowane kanti da nasa awon.

Saura ƙarfen da ke riƙe da dutsen. Karat na zinariya dabam yake da na dutse: shi tsarki yake aunawa, 24 ce tsantsa. Zinariyar da matanmu suka saba da ita, ta Makka da ta Dubai da ta maƙeranmu, 18 ce, ko 21, ko 22. Ta talabijin sau da yawa 9 ce, wato kashi 375 cikin 1000, saura duk jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu. Faransa ma ba ta yarda a saida irin wannan a kantunanta ba sai a 1994. Mu yi lissafi: zobe mai giram 2 na karat 9, zinariyar da ke cikinsa ba ta wuce kashi uku cikin huɗu na giram guda ba, tun ma ba a cire nauyin dutsen ba. Wani kuma azurfa ce aka shafa mata ruwan zinariya, wanda gumi da sabulu za su ɗauke cikin ƴan watanni.

A nan ne al'adar can da tamu suka rabu. Baturiya mai albashi da asusun banki tana iya sayen zoben tofaz don marmari, ta sa shi shekara biyu ta manta da shi cikin akwati, ba abin da ya dame ta. In ta san abin da ta saya, ba a cuce ta ba. Mace a Maraɗi ko Damagaram, sarƙarta ita ce bankinta. Da kuɗin adashi ta saye ta, ita za ta ɗauka ran da yaro ya kwanta asibiti, ko ran da aka sa bikin ɗiya, ko ran da jari ya karye. Waɗanda suka ga ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi cikin dare guda, sun ga bambancin wadda ta ajiye takardun kuɗi ƙarƙashin katifa da wadda ta ajiye awarwaro. Ba cewa muke yi zinariya ba ta faɗuwa ba: oza guda, wato giram 31 da ɗan ɗori, ta kai dalar Amurka 850 a 1980, ta sauko wajen 250 a 1999, kafin ta haura 4000 a watan Oktoba na 2025. Amma ko ta hau ko ta sauka, tana da farashi guda wanda duniya ta sani, ana iya jin sa a rediyo, ana iya ɗora ta bisa ma'auni a Tawa a samu kusan abin da za a samu a Yamai. Dutse mai launi ba shi da wannan gata. Ba shi da farashin giram, ba shi da mai jiran sa.

Wanda ya taɓa tsayawa rumfar maƙerin zinariya ya ga yadda ake yi. Zai goga zoben bisa baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid ya ga ko zanen zai tsaya. Sannan ya ɗauki ɗan hantsaki ya ɓamɓare dutsen, ya miƙa wa mai shi abinsa, ya ɗora ƙarfen kaɗai bisa ma'auni. Kuɗin aiki ya tafi, kuɗin fitilu da kamara da bakin mai talla duk sun tafi. Ko a Turai haka abin yake ga masu sayen tsohuwar zinariya, ba mugunta ba ce ta maƙeranmu.

Ga mai aika saƙo a sayo masa daga Faransa, akwai abin da ido ke iya dubawa ba sai an yi karatun duwatsu ba. Zinariyar can mai ɗan nauyi tana ɗauke da hatimin hukuma a cikin zoben: kan gaggafa alamar karat 18 ce, ɓawon kifin teku alamar 14, ganye mai kunne uku alamar 9. Lambobi 750, 585 da 375 ma'anarsu ke nan bi da bi, 925 kuwa azurfa ce. Dokar Tarayyar Turai ta kuma ba wanda ya sayi kaya daga nesa kwana 14 ya maida su ba tare da ya faɗi dalili ba. Sai dai kwanakin suna fara ƙirguwa ne daga ran da kayan suka shiga hannun ɗan uwan da ke Liyon ko Marsai, kuma kafin a samu matafiyi mai zuwa Yamai, daga Yamai a ba direban mota ya kawo Maraɗi, wa'adin ya daɗe da cika.