Daɓen Kankare Da Daɓen Katako: Lissafin Magina A Ƙasar Amurka

Mutanen Amurka suna da hanya biyu ta aza ƙaramin gida a bisa ƙasa, kuma magina sun daɗe suna gardama a kan wadda ta fi sauƙin kuɗi. Ta fari ita ce a daidaita fili, a shimfiɗa tsakuwa, a zuba kankare mai kaurin inci 4, sa'an nan a ta da bango a kansa. Ta biyu kuwa a kafa ginshiƙai ko gajeren bango, a gitta katakai a bisa, a buga daɓen katako, a bar sarari a ƙarƙashi wanda mutum zai iya shiga da rarrafe. Ƙa'idar gini ta can ta nemi sararin nan ya kai inci 18 tsakanin ƙasa da katako, domin danshi da gara.

In fili shimfiɗaɗɗe ne, kankare ya fi araha ranar gini. Wanda ya bayyana wannan a fili shi ne William Levitt. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka komo gida ba wurin zama, sai kamfanin su Levitt ya sayi gonakin dankali a Long Island, kusa da birnin New York. Dokar garin Hempstead ta wajabta a haƙa ɗaki a ƙarƙashin kowane gida. A watan Mayu 1947 tsofaffin sojoji suka cika majalisar garin, aka janye dokar. Daga 1947 zuwa 1951 aka gina gidaje 17,447, dukkansu bisa kankare, aka sa wa unguwar suna Levittown. A 1949 ana sayar da gida ɗaya dala 7,990. Dalilin arahar ba ɓoyayye ba ne: ba haƙa mai zurfi, ba kafinta mai gitta katako yana buga ƙusa, kuma abin da aka zuba shi ne harsashi, shi ne kuma daɓe.

Amma ɗan kasuwa ya san kuɗin saye dabam, kuɗin riƙo dabam. An binne bututun jan ƙarfe cikin kankaren gidajen nan domin ruwan zafi ya ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Da shekaru suka ja, bututun ya riƙa ɓulewa, kuma ba a kai gare shi sai an fasa daɓe. Da yawa daga masu gidajen suka haƙura da shi, suka sa wani a bayyane. Alhali mai daɓen katako, in bututunsa ya yoyo, mai gyara zai rarrafa da fitila ya ɗaure shi kafin azahar.

Ƙasar wurin ma tana juya lissafin. A gangare, mai kankare sai ya sayi ciko mota bayan mota, ya danne, ya gina bangon tarewa. Mai katako kuwa tsawaita ginshiƙan ɓangaren kwari kawai zai yi. A jihar Texas akwai baƙar laka mai kumbura da ruwa, mai tsagewa da fari, tana tsattsaga kankare sai an ƙara masa rodi ko igiyar ƙarfe, nan kuwa rabin arahar ta tafi. Tsofaffin gidajen New Orleans ɗagaggu ne bisa ginshiƙai saboda ruwa. Da ambaliyar Katrina ta auku a 2005, sai aka ga gidan katako ana iya sa masa jak a ƙara masa tsawo, na kankare kuwa sai an haƙa ƙarƙashinsa an ɗaga shi duk da nauyinsa, ladan aikin ya ninka.

Katako ma ba a rasa shi da aibi. Danshi yana ruɓar da shi, gara tana cinsa, sai an jiƙa shi da magani ana kuma dubawa a kai a kai. Farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya: awon katako na ƙafa 1,000 da ake saye wajen dala 400 ya haura dala 1,600 a watan Mayu 2021. Maginin da ya yanka wa mai gida kuɗin daɓen katako kafin hauhawar nan, daga aljihunsa ya cika.