Ranar Farko a Birnin Jamus: Abin da Miji da Mata Ya Kamata Su Sani

Ma'auratan da suka taso daga Gwandu ko Kalgo za su hutu Jamus, yawanci birnin Frankfurt suke fara takawa, domin can jirgin Lufthansa da ke tashi daga Abuja yake sauka, bayan tafiyar kimanin awa shida. Jirgin dare ne, da asuba yake isa. Wato mutum zai tunkari jami'an baƙuwar ƙasa ga barci a ido, ga gajiyar hanya tun daga Birnin Kebbi, kuma a 'yan awannin nan ne akasarin baƙi ke yin kuskuren da ke cin kuɗi.

Tsayawa ta farko ita ce gaban 'yan sandan kan iyaka. Bizar Shengen da aka manna a fasfo izini ce ta zuwa bakin ƙofa kawai, jami'in da ke zaune a wurin shi ke da ikon buɗewa. Yana iya neman takardar masauki, da tikitin komawa, da shaidar kuɗin guzuri, da inshorar lafiya wadda doka ta ce kada ta gaza Yuro 30,000. A nan ne al'adar gida kan jawo tangarɗa. Maigida ya saba tattara takardu duka a aljihunsa, shi ke magana da yawun iyali, sai jami'i ya juya ga uwargida ya tambaye ta sunan otal da kwanakin da za su yi, ta yi shiru tana duban mijinta. Abin da ake kira kunya a Gwandu, a wurin jami'in alamar tambaya ce. Kowannensu ya riƙe fasfonsa da kwafin takardun, ya kuma san amsoshin tun daga gida. Mai niƙabi za a nemi ta buɗe fuska a gwada da hoton fasfo.

Bayan ɗaukar kaya akwai ƙofofin kwastan, koriya ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai shi. Bin koriyar tamkar rantsuwa ce cewa babu komai. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen waje. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, man shanu, cuku, duk sun shiga ciki, komai kyan ɗaurinsu, ko da tsaraba ce gwaggo ta bayar a kai wa ɗanta ɗalibi. In an kama, a ƙwace, wani lokaci a haɗa da tara. Abin da zai yi wa mutumin Kebbi daɗi shi ne busasshen kifi ya halatta har kilo 20, dabino ma yana wucewa. Sauran ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye sai da takardar lafiyar tsirrai. Duk ƙullin da aka yi shakkarsa, a bi da shi ta jar ƙofa a tambaya. Saƙon da ba a buɗe an gani ba kuwa, kada a karɓa ko daga wa ya fito. Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000, ko kwatankwacinta a dala, dole a bayyana ta, magunguna kuma su zo cikin kwalinsu tare da takardar likita.

Daga filin jirgi zuwa babbar tashar birni, jiragen ƙasa masu lamba S8 da S9 ba sa wuce kwata ɗin awa. Babu kwandasta, babu shinge, babu mai tambayar kowa a bakin ƙofa, har baƙo ya zaci kyauta ce. Masu bincike kan shigo a tsakiyar tafiya, wani lokaci cikin kayan gida, kuma wanda ba shi da tikiti tararsa Yuro 60 ce, miji da mata 120. "Ban sani ba" ba ta karɓuwa. A Frankfurt tikitin tafiya ɗaya yana fara aiki da zarar ya fito daga na'ura, amma a Berlin da Munich sai an tura shi cikin ƙaramin akwatin da ke buga masa hatimi.

Otal ba ya ba da ɗaki sai wajen ƙarfe uku na rana, sai dai yana ajiye kaya. Unguwar da ke gaban babbar tashar Frankfurt tana da fuska biyu. A titin Münchener Straße akwai shagunan Turkawa da Larabawa, da abincin halal, da ƙananan masallatai, amma layi biyu ko uku daga nan matattarar masu shaye-shaye ce da gidajen baɗala. A riƙe jaka da waya da kyau, kada a ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba.

Wajen abinci, kalmomi uku sun isa a haddace: Schwein alade ne, Schinken da Speck namansa ne da aka sarrafa. Tsiran da aka san birnin da shi ma na alade ne. Ruwan famfo ana shansa lafiya lau. In saukar ta faɗo ranar Lahadi, kantuna a rufe suke, sai na tashar jirgin ƙasa da filin jirgi da gidajen mai. Soket ɗin lantarkin Jamus mai rami biyu ne zagayayyu, cajar waya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi.

Lokutan salla kan rikita baƙo. A Kalgo magariba ba ta nisa da ƙarfe bakwai duk shekara, amma a Frankfurt rana kan kai tara da rabi na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni, a Disamba kuwa kafin huɗu da rabi ta faɗi, ga sanyin da rigar hunturun gida ba ta tare shi. Alƙibla ma ta juya, tana kudu maso gabas. Agogon Jamus daidai yake da na Najeriya a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma yana gaba da awa ɗaya.

A kan titi, gefen hanyar da aka shata wa kekuna ba na masu tafiya a ƙasa ba ne, ba a kuma tsallakawa sai fitila ta nuna kore ko da babu mota. Daga ƙarfe goma na dare lokacin shiru ne, hirar waya da dangi cikin ɗaga murya na iya sa maƙwabci ya kai ƙara.

Baƙunci tsakanin Gwandu da Jamus daɗaɗɗe ne. A 1853 Heinrich Barth, ɗan birnin Hamburg da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu, ya yi kwanaki yana jiran takardar izinin ratsa ƙasar, bai ko samu ganin sarkin ba. Baƙon yau kuwa, in ya shiga matsala a Jamus, yana da inda zai nufa: lambar 110 ta 'yan sanda ce, 112 ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana, duka kyauta. In fasfo ya ɓata, a fara kai rahoto ofishin 'yan sanda, sannan a tafi da takardarsu ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Frankfurt, ko babban da ke Berlin.