Ƙananan kyamarori sun dawo yayi: Ina suka fi waya, ina waya ta fi su?

A wajajen shekarar 2010, idan ana biki ko suna ko walimar saukar karatu a ƙasar Kano, akan samu wani ɗan gayu ya zaro ƙaramar kyamara daga aljihun rigarsa, ya danna maɓalli, idonta ya leƙo waje, filasha ta haska. Da wayoyi masu kyamara suka yawaita, sai waɗannan na'urori suka koma ƙasan akwati. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, wato CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba.

Yanzu kuma sun dawo. Tun wajen 2022 matasa a Amurka da Turai da Japan suka shiga neman tsofaffin ƙananan kyamarori, suna ɗora hotunansu a TikTok da Instagram saboda launi da haskensu na daban. Matashin da ke Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa yana ganin wannan yayi a wayarsa kamar kowa. Tambayar da ke gabansa ta kuɗi ce: shin ya dace ya fasa asusunsa ya sayi kyamara, alhali akwai Tecno ko Infinix ko itel a aljihunsa? Amsar ta danganta da abin da yake son ɗauka, domin ƙaramar kyamara ta fi waya mai arha a wurare kaɗan ne, amma a waɗannan wuraren ta yi mata fintinkau.

Inda kyamara ta fi: abin da ke nesa

Babban abin da ƙaramar kyamara take da shi shi ne zuƙowa ta gaskiya. Gilasan da ke cikin idonta suna motsi gaba da baya, su jawo abin da ke nesa ya cika hoton ba tare da ya dusashe ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su da wannan. Idan aka buɗa yatsu biyu a kan allon waya don zuƙowa, wayar tana yanke tsakiyar hoton ne ta hura shi, shi ya sa fuska kan koma kamar zanen da ruwa ya taɓa.

Bambancin yana fitowa sarai a kudancin Kano, inda abubuwan kallo suke da faɗi da nisa. Dam ɗin Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwansa ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178. Wanda ya tsaya a bakin ruwa yana son ɗaukar masunci a cikin kwale-kwale, waya za ta ba shi ɗigo baƙi a tsakiyar ruwa. Kyamara mai zuƙowa ninki 5 ko 8 za ta fito da mutumin da komarsa. Haka lamarin yake ga tsuntsayen bakin tafkin Bagauda, da duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, da mahayin doki ranar Sallah idan cunkoso ya hana a matsa kusa, da ɗan wasan da ke ɗaya gefen filin ƙwallo.

Abu na biyu shi ne filasha. Hasken da ke bayan waya ƙaramar tocila ce kawai. Filashar kyamara kuwa walƙiya ce mai ƙarfi da take fita cikin ƙiftawar ido, ta tsayar da motsi cak. Ita ce ke bayar da irin hoton da ake yayi: fuska ta fito fes, baya ya yi duhu. A wurin kamu ko zaman angwaye da dare, inda kwan fitila ɗaya ne ke haska tsakar gida, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Sai dai ƙarfinta bai cika wuce mita uku zuwa huɗu ba. Wanda ya kunna ta don ɗaukar makaɗin da ke can ƙarshen fili, ƙeyar mutanen gabansa kawai zai samu.

Na uku shi ne batir. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, wanda ya wuni yana ɗaukar hoto da waya a wurin biki yakan ƙare da matacciyar waya a lokacin da yake neman mota ko ake jiran kiransa a gida. Kyamara tana da batirinta da katinta. Waya ta huta, ma'adanarta ma ba za ta cika ba.

Inda waya ta fi

Gaskiya ɗaya ce: idan ba zuƙowa ko filasha ake buƙata ba, wayar zamani takan doke ƙaramar kyamara. Na'urar karɓar haske da ke cikin yawancin waɗannan kyamarori ƙarama ce, faɗinta bai fi milimita 6 da 'yan kai ba, tsayinta kuma kimanin 4 da rabi, wato ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Wayoyi da dama suna da mai irin wannan girman ko wadda ta fi ta. Bayan haka, waya tana da ƙwaƙwalwar da take ɗaukar hotuna da yawa a dannawa ɗaya, ta haɗe su ta fitar da guda mai tsabta. Shi ya sa hoton gari da almuru, ko na cikin ɗaki ba tare da filasha ba, ya fi kyau a waya.

Waya ta fi a bidiyo, domin da yawa daga tsofaffin kyamarori ba sa wuce 720p. Ta fi a ɗaukar kai da kai. Ta kuma fi a saurin turawa, tunda akasarin kyamarori masu arha ba su da Wi-Fi. Duk wanda abin da yake so shi ne ya ɗauki kansa ya ɗora a WhatsApp nan take, to ya riƙe kuɗinsa.

Tarkon megafiksel

Nan ne ake yawan cin kuɗin mutane. Kasuwannin intanet sun cika da kyamarori marasa sanannen suna, an rubuta musu 44MP ko 48MP da 4K da zuƙowa ninki 16, a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Yawancinsu idonsu ba ya motsi ko kaɗan. Na'urar hasken cikinsu ƙarama ce ƙwarai, manhaja ce take hura hoton don lambar ta yi girma. Hoton da suke fitarwa sau da yawa bai kai na wayar da mai sayen yake riƙe da ita ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A kunna kyamarar, a danna maɓallin zuƙowa. A mafi yawan na gaske, idon zai fito waje, a ji motsinsa, kuma a jikinta za a ga an rubuta Optical Zoom. Idan Digital Zoom kaɗai aka rubuta, to yankan hoto ne irin na waya.

Yawan megafiksel ma ba shi ne kyan hoto ba. Hoton da ake wankewa mai girman inci 4 da 6 bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da 'yan kai ba don ya fito tsaf. Tsohuwar Canon ko Nikon mai megafiksel 10 ta ishi kowane hoton biki, har da wanda za a sa a firam a rataye a falo.

Waɗanda ake samu

Cikin sanannun ƙananan kyamarori akwai Sony W800 mai megafiksel 20 da zuƙowa ninki 5, da 'yar uwarta W830 mai ninki 8, da Canon IXUS 185 mai megafiksel 20 da ninki 8, da Nikon Coolpix A10 mai megafiksel 16 da ninki 5. Waɗannan galibi na hannu ake samun su yanzu. Masu fitowa sababbi a kwali sun haɗa da Kodak PixPro FZ45 mai ninki 4 da FZ55 mai ninki 5, waɗanda kamfanin JK Imaging ke fitarwa da sunan Kodak.

Ga mazaunin karkara, nau'in batir ya fi sunan kamfani muhimmanci. Coolpix A10 da FZ45 suna amfani da batir biyu irin na ƙaramar rediyo, wato AA, wanda ake samu a kowane shago daga Kwanar Dangora har Riruwai. Amma batir mafi arha na tocila ba ya jure jan wutar kyamara, hotuna kaɗan zai ɗauka ya mutu. Wanda ya dace shi ne alkalin, ko kuma mai caji nau'in NiMH, a sayi huɗu, biyu na aiki biyu na jira. Sauran kyamarorin kowace da batirinta na musamman: IXUS 185 tana cin NB-11L, W800 kuma NP-BN. Batirin da ya shekara goma a ajiye yakan kumbura ko ya daina riƙe wuta, kuma neman madadinsa na iya kai mutum har birni.

Kafin a biya kuɗi

Farashin na hannu ya tashi a duniya saboda yayin, a nan kuma yana bin dala, don haka gaggawa ba ta da amfani. Wanda zai shiga Kano neman kyamara, ko a Sabon Gari ko wajen masu kayan waya na Farm Centre da titin Beirut, ko wurin wani da ya tallata a Facebook, ya tafi da katinsa, ya gwada kafin ya biya.

A kunna a kashe sau biyar ko shida, a ga ko idon yana fita yana komawa ba tare da ƙara ko tsayawa ba. A zuƙo har ƙarshe a dawo. A ɗauki farin bango ko sararin sama, a duba ko akwai baƙin tabo, domin alamar ƙura ce a ciki, kuma cire ta sai an kwance kyamarar. A gwada filasha. A buɗe gidan batir, a duba ko akwai farin gari ko tsatsa. A tabbatar caja tana nan.

Sai batun kati. Wasu tsofaffin kyamarori na kafin 2006 ba sa karanta katin SD da ya wuce 2GB. Na bayansu suna karɓar SDHC, wanda ya kama daga 4GB zuwa 32GB. Wasu tsofaffin Olympus da Fujifilm suna amfani da katin xD, wasu tsofaffin Sony kuma Memory Stick, dukansu sun yi wuyar samu. Mai katin SD ita ce mafi kwanciyar hankali. Katin 16GB zai ɗauki hotuna wajen dubu uku.

Ƙura, rana da ruwa

Babban makashin ƙaramar kyamara a ƙasar Hausa shi ne ƙurar hunturu. Idon da ke fita yana komawa yana jan ƙura ciki, ƙwayar yashi guda ta isa ta maƙale shi. Kada a jefa ta aljihu tsirara tare da makullai da ɓawon gyaɗa. A sa ta a 'yar jaka mai zif, musamman idan za a hau babur a hanyar burji. Kada a goge gilashin da bakin riga. A fara hure ƙurar, sannan a shafa da ƙyallen tabarau. A watannin Maris da Afrilu kada a bar ta cikin mota a rana. A bakin ruwan Tiga kuma, igiyar hannu ita ce tsakanin mutum da asara.

Don samun hoto mai kyau, a danna maɓallin rabi, a jira kyamarar ta saita, sannan a ƙarasa. Idan an zuƙo sosai, a manne gwiwar hannu a jiki ko a jingina da bango, domin ɗan rawar hannu yana ɓata hoton. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana. Idan dole sai da rana tsaka, a kunna filasha don ta kore inuwar da hula ke yi wa fuska.

Zuƙowa ba izini ba ce

Kyamarar da ke jawo fuska daga nesa tana iya jawo rigima ma. Ɗaukar matan aure ko 'yan mata a wurin biki ba da saninsu ba, balle ɗora su a intanet, ya saɓa wa tarbiyya, kuma yakan haddasa fitina tsakanin dangi. Manomi a gonarsa da makiyayi a bayan shanunsa su ma a yi musu sallama a tambaye su. A hanyar da ta ratsa dajin Falgore akwai shingayen jami'an tsaro. A nan kyamara ta zauna a jaka. Shiga dajin don ɗaukar hoto kuwa sai da izinin hukuma da rakiya.

Daga kyamara zuwa waya

Ba a buƙatar kwamfuta. Akwai ƙaramar na'urar karanta kati da ake sokawa a bakin cajin waya, a zaɓi mai bakin da ya dace, ko USB-C ko tsohon ƙaramin baki. A wasu wayoyin Tecno da Infinix sai an kunna OTG a cikin saituna kafin katin ya bayyana. Wajen turawa a WhatsApp, a zaɓi HD ko a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton, wahalar ta tashi a banza.

Kada a goge katin da zarar an kwafe. Waya kan faɗa ruwa, kan ɓata, kan mutu da duk abin da ke cikinta, kuma gidaje da yawa sun rasa hotunan iyayen da suka rasu ta haka. Idan katin ya cika, a rubuta masa shekara a ajiye, a sayi wani. Hotunan da suka fi daraja kuma, irin na kaka da jikokinta ranar Sallah, a kai su wurin mai wanki a fitar da su a takarda.